Daminar Da Mama Ta Buɗe Rumbun Baba

Tun safe ake ruwa a Abuja, irin yayyafin nan da ba ya ɗaukewa, shi ya sa ba wanda ya fita cin abinci a ofis yau. Aka zauna aka buɗe gardama. Maganar dai da kowa ke yi ce: a tura soja Nijar a mayar da shugaban da aka kifar, ko kar a tura.

Kabiru, wanda teburinsa ke kusa da nawa, shi ya fi kowa zafi. Ya ce in aka ƙyale wannan, gobe wata ƙasa ce, jibi mu ne. Ya ce ai mun taɓa yi a Saliyo kuma an ga amfaninsa, ga su can yau suna zaɓe. Sai ya juyo wajena.

"Hannatu, ba ki ce komai ba. Ku 'yan Zuru da ake haifarku da kaki a jiki, ai ke ya kamata ki fara cewa a tafi."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ɗau wayata na fito baranda. Ga ni nan ina rubuta wannan da yatsa ɗaya, don in na buɗe baki a ciki ba za a ji daɗi ba.

Saliyon da ya ambata, ni sai da na girma na gan ta a taswira. Abin da na sani game da ita damina ce guda, da rumbu.

Ƙauyenmu na bayan duwatsu in ka bar Zuru. A can kowane gida rumbu biyu ne. Na mace ƙarami, shi ake ci tun daga girbi har rani ya wuce. Na maigida babba, a cika shi da dawa, a rufe bakinsa a yaɓe da laka, a kifa masa jinka. Ba a taɓa shi sai damina ta yi tsakiya, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Kuma maigida kaɗai ke buɗewa, da hannunsa. In ka ga an sauke jinkar rumbun mutum ba shi ya sauke ba, to ya mutu ke nan, danginsa sun buɗe za a dafa wa 'yan zaman makoki. Coci ta zo, makaranta ta zo, wannan bai tafi ba.

Babana kofur ne, Danladi sunansa. Barikinsu na Kaduna, mu kuma muna gida da Mama da ƙanena Ayuba da Kaka, uwar Baba, saboda gona. Wata shekara ya zo hutu bayan girbi, ya cika rumbunsa har baki. Ni na ɗebo masa ruwan kwaɓa laka, ina 'yar firamare lokacin. Da ya gama yaɓe sai ya danna tafin hannunsa a kan ɗanyar lakar, shatin yatsunsa ya fito raɗau. Ya ce da Mama an ce za su tafi wani ɗan aiki ƙasar waje.

"Ba daɗewa za mu yi ba, Laraba. Kafin dawa ta kai gwiwa na dawo na buɗe muku."

Mama ta ce Allah ya kai mu. Ta ƙulla masa gyaɗa a leda, ya tafi.

Bazarar shekarar ta yi zafi. Duwatsu su ɗau rana tun hantsi, ka taka dutse ba takalmi ka yi tsalle. Rijiya ta ja baya, sai mun tsaya ruwa ya taru kafin mu sa guga. Mama ta yi sharar gona ita kaɗai, ta tara kara ta ƙona. Da ruwan fari ya sauka, ƙamshin ƙasar nan ya tashi, washegari muka fita shuka. Ita tana gaba da sungumi tana sara, Ayuba goye a bayanta, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Yamma ta yi ƙafata kamar ba tawa ba.

Noman fari ne ya fi ƙarfinmu. Ciyawa ta taso ta fi dawar sauri. Dole Mama ta kira gayya, gayya kuma ba a kiranta da baki kawai, sai da tuwo da kunu. Mutanen da suka zo ma tsofaffi ne da mata, don ba gidanmu kaɗai ke da namiji cikin kaki ba. Sun yi aikin tsakani da Allah, sun kuma ci tsakani da Allah. Ranar da aka watse na leƙa rumbun Mama, na hango ƙasansa.

Dawa ta kai gwiwa. Baba bai zo ba.

Waya babu a lokacin. Duk wanda ya zo daga bariki sai Mama ta tare shi a hanya, amsar ɗaya ce, suna can lafiya, ki yi ta addu'a. Albashinsa kuwa yana can inda yake, ba wanda ya kawo mana.

Aka koma tuwo sau ɗaya a rana. Daga nan tuwon ya zama kunu. Daga nan kunun ya zama ruwa mai launin kunu. Muka shiga daji. Tafasa, rama, ɗinkin, duk ganyen da akuya ta ci ba ta mutu ba mun dafa shi. Ina tsintar kaɗanya da sassafe in sha har bakina ya yi danƙo. Garin ɗorawa ake dama mana da ruwa, ya cika ciki na ɗan lokaci, can sai cikin ya fara ƙugi kamar da gayya. Ruwa kuma ya buɗe, ba ya jin kira. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika madafa, idon Mama kullum ja. Kayan jikinmu ba sa bushewa, ɗaki na warin danshi, tsakanin yatsun ƙafata duk ya ci.

Duk wannan ga rumbu a tsakar gida, cike. In rana ta ɗan fito ta bugi lakar, har ƙamshin dawar kake ji. Nakan jingina bayana da shi in zauna. Ban san me ya sa ba.

Akwai bishiyar ɗorawa a ƙofar gidanmu. Kullum da la'asar Malam Ishaku, malamin firamarenmu, zai zo da rediyonsa ya zauna nan, don Kaka ta roƙe shi. Baba Saje ma zai zo, ƙanen kakana ne, tsohon soja, ya yi yaƙin basasa ya dawo da ɗingishi. Kaka ba ta jin Hausar rediyo sosai. Ta zauna ta kafa wa akwatin ido, in an gama labarai ta ce, "Sun ce Danladi?"

"Ba su ce ba, Kaka. Amma labari mai daɗi ne."

Daga nan sai gardama, ita ce abincin yammarsu.

"Saje, ka dai ji da kunnenka," in ji Malam Ishaku. "Shugaban da jama'a suka zaɓa an mayar da shi kan kujerarsa. Yaranmu suka yi wannan. Duniya duk tana yaba mu."

"To namu shugaban wa ya zaɓe shi?"

"Wannan daban."

"Daban da mi? Soja na zaune bisa kujera nan, ya aiki soja su tai su ɗaga soja daga kujera can. Kai mai alli, fassara min wannan lissafi."

"Kai matsalarka ba ka karanta komai sai lambar bindiga. Dimokuraɗiyya ake ce mata. In ta zauna can, mu ma za ta zo mana."

"A wace mota?"

Har Kaka sai ta yi dariya, ba don ta gane ba.

Amma akwai ranar da Malam Ishaku bai yi wasa ba. Ya kashe rediyon ya ce, "Saje, hannu ake yanke wa mutane a can. Yara kamar Hannatu. Maƙwabta ne. Sai a zuba ido?"

Baba Saje ya daɗe yana kallon ƙafarsa mai ciwo.

"Ban ce a zuba ido ba. Na ga abin da mutum ke yi wa mutum, ba sai ka gaya min ba. Cewa na yi wanda ya aike su shi zo shi yi wa matansu huɗa."

Ina zaune ina tsinke tafasa ina jinsu. A raina kowa ya yi gaskiya, kuma ba wanda gaskiyarsa ta shiga tukunya.

Dawa ta kai ƙugu, Ayuba ya daina tafiya. Yaron da ya fara gudu yana bin kaji ya koma zama wuri ɗaya. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa suka kumbura, in ka danna sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ko kuka ya daina yi da ƙarfi, sai wani ɗan ƙara kamar na kyanwa. Mama ta goya shi muka taka har asibitin Zuru cikin ruwa. Nas ɗin ta duba idonsa, ta danna ƙafar, ta kalli Mama.

"Maman yaro, wannan ba allura yake so ba. Abinci ne. Ba ku da hatsi a gida?"

Mama ta ce, "Akwai."

Nas ta ce to me kike jira. Mama ta mayar da Ayuba baya muka kamo hanyar gida.

Da muka iso, wajen Kaka ta fara zuwa. Ta durƙusa a ƙofar ɗakinta ta ce, "Kaka, yaron nan zai tafi. A buɗe rumbun."

Kar wani ya ɗauka Kaka muguwa ce. Tun da abinci ya yi ƙasa take tura wa Ayuba rabonta, ta ce ta ƙoshi. Ta rame har zanenta na zagaye ta sau biyu. Amma Baba shi kaɗai ya rage mata namiji.

"Laraba, in kin buɗe kin binne shi. Ɗana na can ana harbinsa, ke kina nan za ki yi masa makoki da ransa? Ki ƙara haƙuri. Ya ce zai zo."

"Ya ce kafin dawa ta kai gwiwa."

"To hanya ce ta yi nisa."

Mama ta je wajen Baba Saje. Ya shiga ɗaki ya fito da 'yar dawa a ƙwarya, iyakar abin da zai iya, shi ma gidansa cike da jikoki. Ya ce, "'Yata, ni ne mai buɗewa in ya mutu. In na sa hannu, ni na faɗa da bakina ke nan. Kar ki sa ni."

Malam Ishaku kuwa da ya ji, cewa ya yi camfi ne kawai, laka ba ta kashe mutum, a buɗe.

Mama ta ce, "To Malam, ga tsani can. Zo ka hau."

Ya kalli rumbun, ya kalli ƙofar ɗakin Kaka, ya shiga murɗa rediyonsa yana neman tasha.

Dawar Baba Saje ta yi mana 'yan kwanaki ta ƙare.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, da safe ya ɗauke. Kaka ta ɗau ƙwarya ta tafi bakin rafi neman ganye. Mama ta shimfiɗa Ayuba a tabarma, ta tsaya tana kallonsa. Ƙuda ya sauka a bakinsa bai kore ba. Sai ta ɗaure zanenta tamau ta ce, "Hannatu, zo riƙe min tsani."

Na riƙe. Ta hau, ta tura jinkar da kafaɗa har ta zame ta faɗo ƙasa tim. Ta ce in miƙo fartanya. Shatin hannun Baba na nan a kan lakar, ya bushe. Na ga ta tsaya. Ba ta sari wurin ba, gefe ta bi tana sara a hankali har murfin ya ɗago.

Ƙamshin ya bugo ni tun daga ƙasa. Jar dawa, busasshiya, ko ƙwaro bai taɓa ba. Yawu ya cika min baki har na ji kunya.

Tana miƙo min zangarniya ta fari ke nan wata maƙwabciyarmu ta biyo ta hanya da tulu a kai. Ta hango jinka a ƙasa. Ta saki tulun ya fashe, ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu.

"Wayyo Danladi! Wayyo Danladi ya tafi!"

Kafin Mama ta buɗe baki ihun ya kama gida na gaba, ya haura tudu. Mata suka baro gonaki da fartanya a hannu suna kuka. Waɗanda mazansu ke can tare da Baba sun fi kowa, don kowace na tunanin nata labarin na hanya. Tsakar gidanmu ta cika. Wata ta rungume ni tana cewa marainiya, marainiya. Can sai ga Kaka a guje, tsohuwar da ke tafiya da sanda, ba sanda ba ƙwarya. Ta faɗi a ƙofar gida ta tashi, gwiwarta duk laka.

Mama na bisa tsani tana ɗaga murya. "Bai mutu ba! Ba wanda ya aiko! Ni ce na buɗe! Ni ce!"

Sai da ta faɗa ta sake faɗa kafin a ji. Kukan ya yanke. Ni dai da an ci gaba da kukan da ya fi min shirun da ya biyo baya. Mata suka fara ja da baya suna kallon ƙasa. Kaka ta tako har gindin tsani ta ɗaga kai.

"Laraba. Kin kashe min ɗa."

Mama ta ce, "Hannatu, karɓi." Ta miƙo min wata zangarniyar.

Ranar aka yi sussuka, aka yi daka, aka yi niƙa, duk mu biyu. Ta dama wa Ayuba kunu mai kauri da ƙuli-ƙuli, tana ba shi kaɗan-kaɗan da yatsa. Ta tuƙa tuwo. Na ci har cikina ya yi ciwo, na fita na amayar, na dawo na ƙara. Ta kai wa Kaka nata, Kaka ta turo kwanon waje da ƙafa. Ba ta taɓa cin ƙwaya ɗaya daga rumbun nan ba. Gidan Baba Saje ta koma cin abinci.

Ayuba ya tashi. A hankali kumburin ya sauka, baƙin gashi ya fara fitowa ƙarƙashin jan. Lokacin da dawa ta wuce kan mutum ta fara fitar da kai, ya koma bin kaji. Mu kuma ba wanda ya sake zuwa mana gayya. A rijiya in Mama ta iso sai hira ta tsaya. Malam Ishaku ya mayar da rediyonsa ƙofar wani gida. Girbin shekarar ni da ita muka yi, muna yanka muna ɗaurewa, muna kwasowa a ka.

Bayan girbi motar soja ta shigo ƙauyen. Gidaje uku ta tsaya, namu ne na biyu. Wani hafsa ya fito da wani fasto mai kaki, suka sauke akwatin ƙarfen Baba. Akwatin kawai. Shi an binne shi can. Hafsan ya yi magana mai kyau, ya ce Baba ya mutu ne don wata ƙasa ta samu 'yanci da zaman lafiya, mu yi alfahari.

Kaka ba ta yi kuka ba, ta riga ta yi nata. Tambaya ɗaya ta yi, Baba Saje ya fassara.

"Yaushe?"

Na ga Mama ta ɗago kai. Ita ma amsar take jira, ta fi Kaka jira.

Hafsan ya ce, "Cikin damina ne, Mama. A daji abin ya faru, an daɗe kafin a kai gare su. Ba mu da tabbacin ranar."

Cikin damina. Kafin a buɗe rumbu damina ce, bayan an buɗe ma damina ce. Da wannan aka bar Mama. Kaka ta yi shekaru bayan nan, a gida ɗaya, ba ta sake kiran sunan Mama ba. "Waccan" take cewa. Amma Ayuba kullum yana kan cinyarta, tana shafa kansa tana ce masa Danladi.

Ban ce Kabiru ƙarya yake yi ba. Na taɓa haɗuwa da wata mata 'yar Saliyo a taron coci nan Abuja. Da ta ji inda babana ya mutu sai ta rungume ni tana hawaye, ta ce ba don sojojinmu ba da ba ta kai yau ba, ita da 'ya'yanta. Na yarda da ita. Na rungume ta ni ma. Na dawo gida na kasa cin abinci. Mulkin farar hula ma ya zo mana ba da daɗewa ba, kamar yadda Malam Ishaku ya ce, har ya yi wakilin jam'iyya a rumfar zaɓe. Baba Saje bai je ba, ya ce ƙafarsa na ciwo.

Ayuba kuwa soja ne yanzu. Na yi faɗa, na yi kuka, ya ce, "Yaya, a Zuru me kike so in zama?" Yana can wajen iyaka. Satin da ya wuce ya ce min an ce su zauna cikin shiri.

Na dakata da rubutun nan na kira Mama, don ruwan nan ya sa na kasa haƙuri. Ta ce su ma ruwa ake yi, dawa ta kai ƙugu. Ta ce Ayuba ya zo shekaranjiya, kwana ɗaya aka ba shi. Rumbu ya daɗe da rushewa, ɗan sito ya gina na bulo tun kwanakin baya. Ya sayo dawa da masara ya jibge a ciki, ya sa kwaɗo, wai zai bar wa matarsa Maryamu makulli.

"Sai na ce ya cire."

"Kwaɗon?"

"Ƙofar. Na tsaya a kansa ya kwance ta da hannunsa. Tana nan jingine bayan ɗaki."

"Haba Mama. Awaki fa? Ɓeraye fa? Ga damina."

"Su ci."

"Mama, yanzu ai ba wanda ke wannan maganar. Zamani ya wuce nan."

Ina jin ruwa na dukan kwanon ɗakinta. A bayana kuma ta taga ina jin muryar Kabiru, har yanzu yana kan Nijar.

"Hannatu, yarinyar nan ciki gare ta," in ji Mama. "In ma wani abu zai faru, ya faru ƙofa a buɗe. Ba wanda zai ce ita ta buɗe."